Faifai da Rumbu: Yadda Ake Tattalin Hankali Domin Karatu Ya Zauna

Na shafe shekaru ina koyar da lissafi a Jos, da safe a makarantar sakandare, da yamma kuma a wani ajin share fagen jarrabawar JAMB da ke wajen Titin Bauchi, kuma babu kukan da na fi ji a bakin ɗalibai kamar "Malam, wallahi ina karatu, amma ba ya zama." Iyaye ma sukan tare ni bayan an tashi, su ce, "Malam, a taimaka mana, yaron nan kansa ba ya ja." A 'yan shekarun nan an samu ƙarin tambaya, ko wasannin waya da ake tallatawa da sunan wasa ƙwaƙwalwa suna ƙara basira. Duk gindinsu ɗaya ne. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu yayin da take aiki da shi ƙarami ne a wurin kowa, mai hazaƙa da mai rauni, kuma da wuya a faɗaɗa shi. Abin da ke hannunmu shi ne mu tsare shi daga 'yan kutse, mu rage masa kaya, mu kuma iya shirya abin da muke ɗora masa.

Abin da ya kamata a fara sani

Ka ninka 47 sau 6 a ka, ba tare da alƙalami ba. Za ka ninka 40 sau 6 ka samu 240, ka riƙe wannan adadi a zuci yayin da kake ninka 7 sau 6, sannan ka haɗa 240 da 42 su ba ka 282. Wurin da 240 ɗin ya zauna na 'yan daƙiƙoƙi alhali kana wani aikin, shi ne masana ke kira ma'ajiyar aiki ta ƙwaƙwalwa. Ni nakan kwatanta wa ɗalibaina ita da faifai, ma'ajiyar dindindin kuma in kwatanta ta da rumbu. Rumbu yana cin dami bisa dami ba tare da ya yi ƙorafi ba, amma matar da ke tsintar acca ba ta iya raba tsaba da tsakuwa sai a ɗan abin da faifai ya ɗauka, in kuwa ta zuba fiye da kima, ta gefe zai zube. Abin da ka sani yana rumbu, abin da kake juyawa a yanzu yana kan faifai.

A 1956 George Miller ya ƙiyasta cewa faifan yana ɗaukar abubuwa kimanin bakwai, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. A 2001 Nelson Cowan ya sake nazarin gwaje-gwajen da aka tara, ya nuna cewa idan aka hana mutum maimaitawa da harhaɗa abubuwa, ainihin adadin bai wuce huɗu ba. Kuma abin ba ya daɗewa: a 1959 Lloyd da Margaret Peterson sun ba mutane haruffa uku kacal su riƙe, suka sa su ƙirga da baya uku-uku domin kada su samu damar nanatawa, kafin a cika daƙiƙa 18 kusan duk haruffan sun ɓace. Alan Baddeley da Graham Hitch kuwa, a 1974, sun bayyana cewa faifan sassa gare shi: akwai mai riƙe sauti da kalmomi, wanda shi ne muryar da kake ji a ranka idan kana nanata lambar waya, akwai mai riƙe hoto da wuri, sannan akwai mai kula da su duka, wanda ke yanke abin da za a saurara da abin da za a yi watsi da shi.

Babban mai ɗaukar wannan nauyi shi ne ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, tare da wasu sassa na saman kai ta baya. A 1971 Joaquin Fuster da Garrett Alexander sun nuna wa birai inda aka ɓoye abinci, suka rufe wurin na 'yan daƙiƙoƙi, sai suka ga wasu ƙwayoyin jijiya a bayan goshin suna ci gaba da aika saƙo a duk tsawon jiran, ga shi kuwa babu abin da birin yake gani. Patricia Goldman-Rakic ta Jami'ar Yale ta zurfafa wannan bincike, ta nuna cewa a lokutan da saƙon ya yi rauni birin yakan yi kuskure. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce riƙo aiki ne mai rai da ake yinsa daƙiƙa bayan daƙiƙa, kamar riƙe tulu a ka, shi ya sa ƙarar waya ɗaya take iya kifar da shi.

Mataki na farko: ka auna kanka

Ka nemi wani ya karanta maka lambobi barkatai, ɗaya a kowace daƙiƙa, ya fara da guda huɗu, kai kuma ka maimaita. Duk sanda ka dace sai ya ƙara ɗaya, har ka kasa sau biyu a jere. Daga nan ku sake, amma ka riƙa maimaitawa daga ƙarshe zuwa farko, domin wannan shi ya fi nuna riƙo tare da aiki, kuma yawanci yakan gaza na farkon da lamba ɗaya ko biyu. Ka rubuta sakamakon da kwanan wata.

Ka lura da harshen da aka yi gwajin da shi. Sashen da ke riƙe sauti yana ɗaukar abin da baki zai iya furtawa cikin kimanin daƙiƙa biyu ne, saboda haka dogayen kalmomi sun fi gajeru cin wuri. A 1980 Ellis da Hennelly sun gwada mutanen yankin Wels na Birtaniya masu jin harshensu da Turanci, suka ga sun fi riƙe lambobi da Turanci, don kawai lambobin harshensu sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. Daga ɗaya zuwa tara, kowace lamba ta Hausa gaɓa biyu ce, na Turanci kuwa yawancinsu gaɓa ɗaya ne, kuma a ganina wannan na cikin dalilan da suka sa Bahaushen da ba ya jin Turanci sosai yakan karanta lambar wayarsa da Turanci. Kada wani ya ɗauki wannan bambanci a matsayin awon basira.

Awo na biyu ya fi na farko amfani. Ka zauna karatu na minti 20 da farar takarda a gefe, duk sanda ka kama hankalinka ya tafi wani wuri sai ka ja layi ɗaya, ka rubuta kalma ɗaya da za ta nuna inda ya tafi: waya, yunwa, bashi, hayaniya, wance. Bayan kwana uku takardar za ta gaya maka su wane ne ɓarayinka.

Mataki na biyu: ka tsare ƙofa

Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma an tabbatar da hakan a ɗakin gwaji. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris sun sa mutane kallon bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga jifan masu fararen riguna. Ana cikin haka wani ya ratsa tsakiyar filin sanye da kayan goggon biri, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Abin da hankali bai buɗe wa ƙofa ba, bai hau faifai ba, komai girmansa. Wani binciken da Edward Vogel da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 ya fi wannan taɓa ni. Sun ce wa mutane su riƙe jajayen siffofi su ƙyale shuɗɗa, suna auna motsin lantarkin da ke ƙwaƙwalwarsu, sai aka ga masu ƙarfin riƙo jajayen kaɗai suke ɗauka, masu rauni kuwa suna kwasowa har da shuɗɗan da ba a tambaye su ba. Ke nan sau da yawa bambancin ɗalibi da ɗalibi yana wurin mai gadin ƙofa ne.

Saboda haka kafin ka buɗe littafi, ka fitar da waya daga ɗakin gaba ɗaya, ko ka miƙa wa wani ya riƙe maka. Kife ta a kan tebur bai wadatar ba, domin wani gwaji da aka yi a Jami'ar Jihar Florida a 2015 ya nuna cewa jin shigowar saƙo kaɗai, ko da ba a taɓa wayar ba, yana ƙara yawan kurakurai. Idan a wayar littafin yake, ka kashe data, ka rufe sanarwar WhatsApp da TikTok. Ka kuma kashe rediyo da duk waƙar da ke da baituka, saboda maganar mutane tana kutsawa kai tsaye cikin sashen da ke riƙe sauti, har ma da maganar harshen da ba ka ji. Ƙarar ruwan sama ko ta janareto mai tafiya bai ɗaya ba ta kai hirar mutum biyu a bakin taga ɓarna ba. Na san gidajenmu na Gangare da Anguwar Rogo, inda ɗaki ɗaya yake ɗaukar mutum biyar, ba kowa ke da ikon zaɓar shiru ba. Wanda yake cikin wannan hali ya nemi shirun a lokaci maimakon wuri: bayan sallar asuba, sa'ad da sanyin Jos ya tsare kowa cikin bargo, akwai awa guda da babu kamarta, sai a sa rigar sanyi a zauna.

Abu ɗaya za ka yi a zama ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa. Wanda yake ganin yana karatu yana hira a lokaci guda, a gaskiya tsalle yake yi tsakanin biyun, kuma a kowane tsalle sai an share faifai an sake zuba wani abu. Ni nakan ba ɗalibaina shawarar zama na minti 25 zuwa 40, a huta minti biyar a tsaye ko ana tattaki, ba a kan waya ba. Idan wani tunani ya faɗo a tsakiyar zama, kamar kuɗin makaranta ko kiran da ba ka mayar ba, ka rubuta shi a takardar gefe ka ci gaba, domin abin da aka rubuta yakan daina ƙwanƙwasa ƙofa. Sannan ka ƙulla niyyarka da lokaci da wuri. Peter Gollwitzer ya nuna cewa wanda ya ce "idan na idar da sallar isha'i zan zauna a kan tabarmar nan in warware tambayoyi goma" ya fi cika alkawari a kan wanda ya ce "yau zan yi karatu."

Mataki na uku: ka sauke wa takarda kaya

Wata rana da yamma na tsaya a wurin wata mai POS a bakin kasuwar Taminus. Wani dattijo yana karanta mata lambar asusu mai lamba goma, mai Keke Napep yana danna ham a bayanta, wata kuma tana cewa, "Anti, ba ni canjina in wuce." Yarinyar ba ta ɗaga kai ba. Ta miƙa wa dattijon biro da guntun kwali ta ce, "Baba, rubuta mini a nan." Da ya rubuta sai ta shigar, ta karanta masa lambar uku-uku da sunan da ya fito, ya ce haka ne, sannan ta tura. Ba ta taɓa jin sunan Baddeley ba, amma ta san faifanta ba zai ɗauki lamba goma da ham da canji a tare ba.

Wannan ba gazawa ba ce, haka ƙwararru suke yi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takardar abubuwa 19 da ake dubawa a ɗakin tiyata, kuma da aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-macen bayan tiyata sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.8. Idan likitan fiɗa bai ji kunyar duba takarda ba, ɗalibi ba shi da dalilin tsallake layi a lissafi don a ce ya iya. Ka rubuta kowane mataki a layinsa, ka zana hoton tambayar kafin ka taɓa lamba, ka ja layi a ƙarƙashin abin da aka nema. Yawancin makin da ɗalibaina ke zubarwa a alamar ɗebewa da ta ɓace tsakanin layi biyu da aka yi a ka yake tafiya, ba a rashin sani ba.

A nan ina da roƙo ga iyaye. Uwa takan ce wa ɗan shekara bakwai, "Je ka shago ka sayo magi da omo da ashana, ka biya gidan Inna ka karɓo mini rariya, in ka dawo ka rufe kaji." Yaron ya dawo da magi kaɗai, a hau shi da faɗa ko duka, a ce ba ya jin magana. Faifan yaro bai kai na babba ba, yana ci gaba da girma har cikin shekarun balaga, ɓangaren bayan goshi kuwa ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin. Susan Gathercole ta Ingila ta daɗe tana nazarin irin waɗannan yara a aji, ta nuna cewa da yawan waɗanda ake kira marasa natsuwa umarnin ne yake zube musu a tsakiyar hanya. A ba yaro aike biyu a lokaci guda, a ce ya maimaita da bakinsa kafin ya fita, in ya iya karatu a rubuta masa.

Mataki na huɗu: ka kasa abu kashi-kashi

Faifai gurbi huɗu gare shi, amma bai ƙayyade girman abin da ke cikin kowane gurbi ba, kuma a nan duk dabarar take. Lambar waya mai lamba 11 ta fi ƙarfin kowa idan aka bi ta ɗaya-ɗaya, amma 0803 a wurin ɗan Najeriya abu guda ne, saura kuma a raba su uku da huɗu, shi ke nan an samu kashi uku. Dillalin tumatir a Farin Gada da ke lissafa kuɗin kwando goma sha biyu kafin ka fito da waya bai fi ka faifai ba, shekarun ciniki ne suka tara masa ƙullin lissafi a rumbu, yana ɗauko su a shirye.

A 1973 William Chase da Herbert Simon sun nuna wa 'yan wasan dara ta Turawa allon wasa na daƙiƙa biyar, suka ce su sake jera 'ya'yan. Gwani ya yi wa ɗan koyo fintinkau idan jerin na wasan gaske ne, amma da aka watsa 'ya'yan barkatai, fifikon nasa kusan ya ɓace. Sai kuma wani ɗalibin Jami'ar Carnegie Mellon da Anders Ericsson da abokansa suka ba da labarinsa a 1980. Ya fara da riƙe lamba bakwai kamar kowa, bayan atisayen sama da awa 230 ya kai lamba 79, saboda shi ɗan tsere ne, yana mayar da lambobin lokutan gudu da ya sani. Da aka ba shi haruffa maimakon lambobi, sai ya koma wajen shida.

Abin yi a nan shi ne ka gano tubalan darasinka ka haddace su har su zama jiki. Wanda bai haddace jadawalin ninkawa ba, rabin faifansa yana ƙarewa a neman 7 sau 8, ba abin da ya rage wa ainihin tambayar. Haka mai koyon kimiyyar sinadarai da alamomin sinadaran, haka mai koyon Larabci da sarfu. Masu sukar hadda suna kiranta karatun aku sun faɗi rabin gaskiya, domin hadda ba tare da fahimta ba aku ce, amma fahimta ba tare da hadda ba kullum a bakin ƙofa take tsayawa. Idan darasin sabo ne fil, kada ka faɗa wa tambayoyi kai tsaye. John Sweller ya nuna tun shekarun 1980 cewa ɗan koyo ya fi amfana da bin misalin da aka riga aka warware layi-layi. Ka bi misali biyu, ka rufe rabin na uku ka ƙarasa da kanka, sannan ka gwada na huɗu babu taimako.

Batun wasannin horar da ƙwaƙwalwa

Labarin ɗan tseren nan shi ne amsar tambayar ko wasannin waya suna ƙara basira. A 2008 Susanne Jaeggi da abokan aikinta sun wallafa cewa wani wasa, wanda ake bin jerin sauti da wurare ana tuna abin da ya wuce da taki biyu ko uku, yana ƙara kaifin tunani, kuma duniya ta ɗauka. Amma da aka sake gwadawa da tsari mai tsauri, musamman a aikin Thomas Redick da abokansa na 2013, ba a samu wannan ƙari ba. A 2010 Adrian Owen, tare da haɗin gwiwar BBC, ya gwada mutum 11,430 na tsawon mako shida: sun ƙware a wasannin da suka yi, amma ƙwarewar ba ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ba. Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2013 suka iske haka. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar irin waɗannan wasanni, ya biya dala miliyan 2 saboda alkawuran da ya yi a talla ba tare da hujja ba.

Hukuncina shi ne, wanda yake jin daɗin waɗannan wasanni ya yi su kamar yadda ake buga dara a gindin bishiya, amma kada ya biya kuɗi da fatan za su ci masa jarrabawa, kuma kada ya ba su lokacin karatu. Ƙwaƙwalwa tana ƙwarewa a abin da aka horar da ita a kai ne. Mai shirin JAMB, inda ake amsa tambaya 180 cikin awa biyu a kan kwamfuta, horonsa shi ne amsa tambayoyin shekarun baya a kan kwamfuta da agogo a gabansa.

Mataki na biyar: ka kai rumbu, ka riƙa ɗebowa

Makarantar allo ta riga mu sanin wannan. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda a gaban malam ba tare da ya duba ba, kuma bayan ya wuce wurin ba a barinsa, kullum yana cikin tilawa da tishe, yana komawa baya. Abubuwa biyu ne a ciki, fito da karatu daga ka, da maimaita shi a rarrabe cikin kwanaki. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun raba ɗalibai: wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan suka rufe suka rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatun ne a gaba, amma bayan mako guda sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Maimaita karatu yana da daɗi domin ido ya saba da shafin, sai mutum ya ɗauka sabo sani ne.

Idan ka gama shafi, ka rufe littafin, ka rubuta ko ka faɗa da baki duk abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka gyara da jan biro. Wahalar da kake ji wajen laluben amsar ita ce aikin, kada ka guje ta. Tsarin da nake ba ɗalibaina shi ne a sake gwada kai washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan mako uku. Abin da ka kasa tunawa ya koma farkon layi.

Mataki na shida: jiki da zuciya

A 2003 Hans Van Dongen da abokansa a Jami'ar Pennsylvania sun taƙaita barcin mutane na kwana 14. Masu barcin awa shida sun gangaro har suka yi daidai da wanda ya kwana bai runtsa ba, masu awa huɗu kuwa da wanda ya yi dare biyu, kuma abin tsoron shi ne su da kansu ba su ji lalacewar ta kai haka ba. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai, matashi fiye da haka, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take daddale abin da aka koya da rana. Kwanan zaune a daren jarrabawa asara biyu ce. Goro da kofi da shayi suna ɗauke da kafeyin, wanda ke toshe saƙon gajiya ba tare da ya biya bashin barcin ba, kuma rabinsa yana nan a jini bayan kimanin awa biyar, don haka a tsayar da su daga la'asar. Tiramadol da kodin da wasu samari ke sha da sunan ƙarin kuzari kuwa, hankalin da ake nema shi suke ci.

Motsa jiki yana da hujja fiye da kowane wasan waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, kuma a gwajin Kirk Erickson na 2011, dattawan da suka shekara suna tafiyar sauri sau uku a mako an ga sashen ƙwaƙwalwarsu mai kula da ajiyar sabon abu ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin ɗari. Hawa da gangaren Jos sun isa, a sauka daga keke tun da sauran tafiya a ƙarasa da ƙafa.

Damuwa ita ce ta fi wuyar magani. Amy Arnsten ta Yale ta nuna cewa idan tsoro ya tashi, sinadaran dofamin da noradirenalin suna malala fiye da kima a bayan goshi, sai sashen ya yi sanyi, ragama ta koma hannun sassan da ke kula da gudu da kare kai. Wannan ne ke sa ɗalibi ya shiga ɗakin jarrabawa kansa ya ɗauke, ya fito amsoshin su dawo masa a bakin ƙofa, kuma shi ne dalilin da ya sa ba na yarda a riƙe bulala a kan yaron da ke lissafi. Mu da muka koyar a garin nan bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 mun ga yara masu hazaƙa sun dawo aji jikinsu yana nan hankalinsu yana kan titi. Talauci ma yana cin gurbi: wani bincike na 2013 a kan manoman rake a Tamil Nadu ta Indiya ya samu cewa manoman nan dai sun fi ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi, da kuɗi a hannu, fiye da kafin girbi. Idan kai ya ɗauke a jarrabawa, ka ajiye biro, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali sau biyar ko shida, ka nemi tambaya mafi sauƙi ka fara da ita.

Bayan mako huɗu

Ka sake awon nan biyu na farko. Kada ka yi mamaki idan yawan lambobin da kake riƙewa bai motsa ba, ko ya ƙaru da ɗaya kawai. Inda za ka duba shi ne layukan da ke kan takardar gefe, ko sun ragu, da kuma yawan abin da kake iya fitarwa daga ka bayan mako guda. Idan ka kiyaye matakan nan amma babu sauyi, ko mantuwar sabuwa ce kuma tana ƙaruwa, to lokacin ganin likita ya yi, domin ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo, da ciwon damuwa, da raunin ji ko gani, da illar zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk suna iya bayyana da kamannin rashin natsuwa. Yaron da tun yana ƙarami ba ya iya zama ko kammala aiki, a gida da makaranta duka, a kai shi a duba shi, a fara da asibitin da ke kusa, in ya cancanta za a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa, musamman tare da karkacewar baki, ko raunin hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya, ko sarƙewar harshe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma a wannan sa'ar ake tafiya asibiti, ba a jiran wayewar gari.